Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaba Tinubu Kan Shirin Hana Shigo Da Faifan Sola

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Tarayyar Nijeriya, Alhaji Bola Ahmed Tinubu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya kama maka wajen sauke nauyin al'ummar da ke wuyanka.

Ni mai sana'ar haɗa sola ne a Kano. Na rubuto da yawun ire-irena: masu hawa rufin kwano da tsakar rana suna ɗaure faifai, masu shagunan batir da inbata a Sabon Gari, yaran da iyayensu suka kawo mana su koyi aiki, da kuma waɗanda muke yi wa aikin, wato manoman rani, teloli, masu sayar da ƙanƙara, masu cajin waya da ƙananan asibitocin unguwa. Ba wata ƙungiya ce ta aiko ni ba. Abin da zan faɗa shi ne abin da ake ta maimaitawa a bakin shagunanmu.

A watan Maris na 2025, ministan kimiyya da fasaha na lokacin, Uche Nnaji, ya bayyana cewa gwamnatin tarayya za ta hana shigo da faifan sola daga waje, domin a riƙa ƙera shi a gida. A watan Mayu kuma majalisar zartarwa ta amince da manufar fifita kayan Nijeriya a sayayyar gwamnati. Daga baya an ji wasu jami'ai suna sassauta harshe, suna cewa ba yanzu-yanzu ba. To amma a kasuwa, ranka ya daɗe, maganar minista ba ta mutuwa don wani ya sassauta ta. Dila ya ji, ya riƙe kayansa yana jiran tsada. Mai niyyar zuba jari ya ji, ya dakata ya ga inda iska za ta kaɗa. Mu da ke tsakiya, kullum abokin ciniki sai ya tambaye mu ko ya saya yau ko ya jira, ba mu da amsar ba shi.

Kada a ɗauka muna adawa da masana'anta. Wanda ya tashi a Kano ya ga yadda Bompai da Sharaɗa da Chalawa suke a da, ya kuma ga yadda suka koma, ba ya buƙatar a yi masa wa'azi kan amfanin masana'anta. Muna son a ƙera faifan sola a Nijeriya, har ma muna son a ƙera shi a Arewa. Abin da muke jin tsoro shi ne a fara da rufe ƙofa alhali ba a gina komai a bayanta ba.

Abu na farko shi ne lissafi. Cibiyar Ember, mai bin diddigin harkar makamashi, ta nuna cewa a cikin watanni 12 zuwa Yunin 2025 Nijeriya ta shigo da faifan sola na sama da megawat 1,700 daga ƙasar Sin. Afirka ta Kudu kaɗai ta fi mu a nahiyar nan. A ɗaya ɓangaren, masana'antar NASENI, hukumar gwamnati mai kula da ayyukan kimiyya da injiniya, da ke Karshi a Abuja an kafa ta ne da ƙarfin megawat 7.5 a shekara. Akwai wasu kamfanoni a Legas da suka yi ƙoƙari suka kafa nasu, kuma sun cancanci yabo, amma ko an tara su gaba ɗaya ba su kusa cike wannan giɓi ba. Sannan abin da ake yi a waɗannan wurare shi ne matakin ƙarshe na aikin. Faifan sola yana farawa ne daga tace sinadarin silikon, a narka shi a yi curi, a yanka curin siriri-siriri, a mayar da shi ƙwayoyin da ke kama hasken rana, sannan a jera ƙwayoyin a ƙarƙashin gilashi a kewaye su da firam na alminiyom. Mu a nan jerawar kawai muke yi. Ƙwayoyin, waɗanda su ne ran faifan, daga waje suke zuwa, kuma da dala ake biya. Hukumar makamashi ta duniya ta ce Sin ce ke riƙe da sama da kashi 80 cikin 100 na kowane mataki na wannan aiki. Ko Jamus, wadda ta taɓa zama gaba a wannan fanni, ta ga masana'antunta sun durƙushe a gaban farashin Sinawa. Saboda haka idan aka hana shigowa gobe, dala ba za ta daina fita ba. Abin da zai canza kawai shi ne 'yan kamfanoni ƙalilan za su samu kasuwar mutum sama da miliyan 200 ba tare da abokin gasa ba.

Abu na biyu, kuma shi ne ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, shi ne wanda zai biya kuɗin wannan mataki. A ranar 29 ga Mayun 2023 ka sanar da cire tallafin fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Naira ta faɗi daga wajen 460 a kan dala zuwa sama da 1,500. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar masu rukunin farko, wato Band A, naira 225 a kan kowane yunit. An ce mu yi haƙuri, gyara ake yi, kuma mutane sun yi haƙurin. Hanya ɗaya da talaka ya samo wa kansa, ba tare da gwamnati ta ba shi ko sisi ba, ita ce sola. Ta zo daidai da lokacin da farashin faifai ya karye a kasuwar duniya, shi ya sa duk da faɗuwar naira mutane suka iya saye.

Akwai wani manomin tumatur da albasa a yankin Kura da na haɗa wa famfon sola. Kafin nan, kuɗin man injin ban ruwa ya sa ya rage gonarsa ta rani da kusan rabi, ya sallami wasu daga cikin 'yan ƙwadagonsa. Ya sayar da shanun huɗarsa ya sayi faifai, abin da manomi ba ya yi sai ta kai masa iya wuya. Da rani ya zagayo ya koma noma gonar gaba ɗaya, maƙwabtansa suna biyansa yana ba su ruwa da rana. Irinsa suna da yawa daga Kadawa zuwa kwarin Haɗeja, daga Bakolori zuwa fadamun Argungu. Idan farashin faifai ya ninka, ba attajirin Maitama ne zai ji a jikinsa ba, shi ya riga ya cika rufinsa. Manomin da ke tara kuɗi yanzu don ya saya baɗi shi ne za a kora ya koma layin gidan mai, kuma tsadar za ta biyo tumatur har kasuwar Mile 12 a Legas.

Ba mu manta da Oktoban 2024 ba. An lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, layin da ya rage ta Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya samu matsala, mafi yawan jihohin Arewa suka shafe sama da mako guda cikin duhu. A waɗancan kwanaki ruwan sha ya yi tsada saboda babu wutar tura shi, masu niƙa suka rufe, masu kifi da nama suka yi asara. Asibitin da firjin rigakafinsa bai mutu ba, sai ka duba rufinsa ka ga faifai. Ƙasar da babban layinta ke rarraba megawat 4,000 zuwa 5,000 kacal, wadda mutum sama da miliyan 80 ba su da wuta sam, kuma mafi yawansu a Arewa suke, ba ta da hujjar tsaurara wa abin da ke haska gidajen mutane.

Akwai ma karo da juna a cikin manufofin gwamnatinka. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES, wanda hukumar samar da wuta a karkara, REA, ke gudanarwa, da burin kai wuta ga mutum miliyan 17.5, galibi ta hanyar sola. Bashi ne, 'ya'yanmu za su biya. Ta yaya za a ciyo bashi don raba sola, sannan a ɗauki matakin da zai sa kuɗin ya sayi rabin abin da ya kamata ya saya?

Abu na uku shi ne ayyukan yi, tunda da sunansu ake kare wannan shiri. Masana'antar haɗa faifai ta zamani injuna ne ke yawancin aikinta. 'Yan ɗaruruwan ma'aikata sun isa su tafiyar da babba. Amma kowane faifan da ya shigo ƙasar nan sai an sauke shi, an yi dakonsa, an sayar, mai walda ya yi masa ƙafa, an ja waya, an haɗa batir, bayan shekara a kira mu gyara, lokacin hunturu kuma a samu mai goge ƙura. A shagona akwai yaran da suka gama sakandare suka rasa abin yi, akwai mai difloma, akwai wanda ya taso a tsangaya, yanzu kowannensu yana iya lissafin lodin gida ya faɗa maka batir nawa zai ɗauka. Wasu sun yi aure da wannan sana'a. Ba sa cikin kowace takardar da ake karantawa a taron Abuja, domin ba a yi bikin yanke ƙyalle ranar da suka fara aiki ba. Idan ciniki ya ragu da rabi, rabinsu za su koma zaman majalisa, kuma ka fi ni sanin abin da zaman banzan matasa ke haifarwa a Arewa a wannan zamani.

Abu na huɗu: mun taɓa ganin irin wannan. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne, da albashinta ya yi mana karatu, kuma ina gani aka sallame su ba tare da an biya su haƙƙinsu cikakke ba. Tun 1957 aka buɗe masaƙar farko a Kakuri ta Kaduna, a shekarun 1980 masaƙun ƙasar nan sun haura 150, babu mai ɗaukar ma'aikata kamarsu in ban da gwamnati. An hana shigo da atamfa shekara da shekaru don a kare su. Hanin bai hana su mutuwa ba. UNTL, babbarsu, ta rufe a 2007. Abin da ya kashe su shi ne rashin wuta, tsadar baƙin mai, tsofaffin injuna da bashin banki mai ruwa. Ita kuwa atamfar da aka hana, ta sauka a Kwatano, ta bi ta Maraɗi, ta kwana a Kantin Kwari. Daga baya aka ware naira biliyan 100 don farfaɗo da auduga da masaƙu, har yau Kakuri kango ce. Haka aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 saboda shinkafa: farashi ya tashi, 'yan fasa-ƙwauri suka yi kuɗi. Mutane suka zuba jari a injinan casa, sai kuma a 2024 aka buɗe ƙofar shigo da hatsi ba haraji na kwana 150, masu injinan suka shiga kuka. Faifan sola ya fi buhun shinkafa wuyar ɓoyewa, gaskiya ne, amma iyakarmu da Nijar ta haura kilomita 1,400. Abin da zai biyo ta daji kuwa ba mai kyau ba ne. Tun yanzu muna fama da faifan da aka manna wa takardar wat 500 alhali bai kai 350 ba, da tsoffin batura da aka sake wa fenti. Ranar da kayan halal suka yi wuya, jabun ne zai cika kasuwa, mu kuma masu haɗawa mu ne za a kai ƙara wurin mai unguwa.

Ƙasashen da ake kafa mana hujja da su ba da hani suka fara ba. Indiya ta sa harajin kashi 40 cikin 100 a kan faifai a Afrilun 2022, amma ta haɗa shi da tallafin kuɗi mai yawa ga duk kamfanin da ya ƙera ya sayar, kuma da ta ga kayan gida ba su isa ba, sai ta dakatar da dokar tilasta amfani da su na tsawon shekara guda daga 2023. Amurka a 2022 ta yi dokar da ke biyan masana'anta santi 7 a kan kowane wat na faifan da ta ƙera a gida, masana'antu suka tashi har a jihohin da 'yan majalisarsu suka ƙi zaɓen dokar. Da mulki ya canza, aka yi wata doka a Yulin 2025 da ta datse da yawa daga tallafin makamashi mai tsafta, wasu kamfanoni suka jingine shirinsu. Idan canjin gwamnati na iya girgiza mai jari a Amurka, ina ga ƙasar da kuɗin ruwan babban bankinta ya kai kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024, ɗan kasuwa kuma yana karɓar bashi a wajen kashi 30? Babu mai gina masana'antar shekara ashirin da irin wannan bashi, ko da an rufe kowace iyaka.

Abu na biyar ya shafi Arewa kai tsaye, kuma a nan zan yi magana ba ɓoye-ɓoye. Rana ta fi ƙarfi a nan, duhu ya fi yawa a nan, kasuwar ma tana nan. Amma rabonmu a wannan harka yawanci bikin aza harsashi ne. A 2016 kamfanoni 14 suka sa hannu da gwamnatin tarayya kan gina tashoshin sola na sama da megawat 1,000, mafi yawansu a jihohin Arewa. Aka yi shekaru ana jayayya kan farashi da lamuni har maganar ta bi ruwa. A Maris na 2023 mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya aza harsashin masana'antar ƙwayoyin sola ta NASENI a Gora, jihar Nasarawa. Mu da muke sayen kaya kullum muna nan muna jiran ranar da za mu riƙe ƙwayar Gora a hannunmu. Abin da muka gani da ido shi ne tashar megawat 10 ta Kumbotso da aka buɗe a Janairun 2023, ita ma don a ce an yi ne idan aka kwatanta da buƙatar Chalawa kaɗai. Ga tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, ga yankin ciniki maras haraji a Fanisau, ga rumfunan masana'antu da suka mutu a Sharaɗa suna jiran mai shiga. Amma muddin kwantena sai ta kwana a hanya daga Apapa a bayan tirela, tana biyan kuɗi a kowane shinge, layin dogon Kaduna zuwa Kano bai kammala ba, iskar gas ta bututun AKK (Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano) da aka fara tun 2020 ba ta fara kunna injunan Kano ba, duk mai hankali a Legas zai kafa masana'antarsa. Sakamakon hanin ke nan a taƙaice: Arewa ta sayi faifai da tsada, aikin ya tafi wani wuri.

Ga kuma litiyam, ma'adinin da ake yin batir da shi, wanda Allah Ya ajiye a Nasarawa, Kaduna, Kogi, Kwara da wasu jihohi. A Mayun 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi ta wani kamfanin Sinawa a jihar Nasarawa, aka yi ta murna. Abin da ake yi a irin waɗannan wurare shi ne niƙa dutse a tace shi a loda a jirgi. Batirin a can ake yin sa, ya dawo mana a kwali mu saya da dala. A Disambar 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya nuna yara ƙanana suna aikin tsince dutsen litiyam a ramukan da ba su da izini a Pasali ta jihar Nasarawa, maimakon su kasance a aji. Mu da muka ga yadda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010 saboda haƙar zinare, ba ma son a sake kiran irin wannan da sunan ci gaba. Tsoffin baturan da muke cirewa daga gidaje ma dalma ce a cikinsu, kuma a bayan gari ake fasa su da gatari, ruwan ya bi ƙasa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ka sa a fito a faɗa a rubuce, da bakin fadarka ba da bakin wani jami'i a gefen taro ba, cewa babu hanin shigo da faifan sola har sai masana'antun gida sun iya biyan mafi yawan buƙatar ƙasa. A auna hakan da abin da suka ƙera suka sayar a zahiri, ba da abin da aka rubuta a allon ƙofarsu ba, kuma a riƙa wallafa alƙaluman kowace shekara kowa ya gani. In lokacin kariya ya yi, a yi ta da haraji mai hawa a hankali wanda aka sanar da jadawalinsa tun da wuri, a kuma kai shi majalisa ya zama doka, don kada ya mutu da saukar wanda ya kawo shi.

A fara da aljihun gwamnati. Fitilun titi, sola ta asibitoci, jami'o'i da sakatariyoyi, a saye su daga masana'antun gida idan sun cika ma'aunin inganci. Wannan kasuwa kaɗai ta isa ta raya su, ba tare da an taɓa manomi da tela ba. A cire musu haraji kan ƙwayoyi, gilashi da injunan da suke shigowa da su, Bankin Masana'antu ya ba su bashi mai sauƙin ruwa na dogon zango, a biya tallafi kan faifan da ya fito daga injin, ba kan alkawari ba.

Duk kamfanin da zai ci wannan gata, a ɗaure shi da sharaɗi a fili: ma'aikata nawa zai ɗauka, nawa ne 'yan ƙasa a cikin injiniyoyinsa, yara nawa zai horar. A yi rangwame na musamman ga wanda ya yarda ya kafa a Kano, Kaduna, Funtuwa ko Gwambe, a ba shi wuta tsayayya a rukunin masana'antu, a gaggauta layin dogo da bututun gas. Gwamnonin Arewa ma ba su da mafaka a nan, domin dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Muna roƙon ka tuna musu idan kun zauna.

A kan litiyam, a wallafa yarjejeniyoyin da aka ƙulla, a sa wa'adin da kamfanoni za su wuce niƙa dutse zuwa tace sinadarin batir da haɗa batirin a nan, a fitar da yara daga ramuka a mayar da su makaranta da kuɗin harajin ma'adinin, a kuma kafa wuraren karɓar tsoffin batura da ake biyan wanda ya kawo.

Hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta sa na'urar gwajin faifai da batir a Kano da Kaduna, inda ɗan kasuwa zai kai kaya a auna masa a ba shi shaida, na gida ne ko na waje. Yaranmu kuma a buɗe musu hanyar jarrabawar ƙwarewa da Hausa a kwalejojin fasaha na jihohi, da kuɗin da ɗan koyo zai iya biya, domin su samu takardar da za ta ba su damar shiga kwangilar gwamnati maimakon su riƙa yi wa masu takarda aikin a ba su ladan yini.

Na ƙarshe, kafin a yanke kowane hukunci kan wannan batu, a zo Kano a zauna da masu sayarwa, masu haɗawa da manoman rani, zaman da za a yi da Hausa a kuma rubuta abin da aka faɗa. Za mu kawo rasiɗan sayayyarmu na shekarun nan, a ga farashi da ido.

Allah Ya taimaki shugaba, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam,
Wani mai haɗa sola, a madadin abokan sana'arsa,
Kano.